Mashin Mai Rigar Fata

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai tsoron faɗin abu ba daidai ba. In na ɗauki biro sai in ce, to in na manta wani wuri fa? In na ƙara gishiri ban sani ba, na ɗauki alhakin wani fa? Sai in ajiye. Daga ƙarshe na je wurin ƙanena, wanda shi abin ya faru da shi, na nemi izininsa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka tambaye ni bara, ka tambaye ni da azumi, yau ma ga ka. Don Allah rubuta ka huta, mu ma mu huta." To ga shi na rubuta. Abu ne da ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi, kuma in na gama akwai alfarmar da zan nema a wurinku.

A Samaru aka haife mu. Ni sana'ata wanki da guga, yawancin masu kawo mini kaya ɗalibai ne. Shi kuwa ƙanena cutar shan inna ta kama shi tun yana ƙarami, ƙafafunsa biyu suka shanye, sai Allah ya mayar masa da ƙarfin a hannu. Takalma da jakunkuna yake ɗinkawa a wata 'yar rumfa a bakin titi, kuma ba don ɗan'uwana ne ba, ban taɓa ganin mai hannunsa a aikin fata ba. Yana da wani hali tun yana yaro: duk abin da yake ƙauna sai ya ɗinka masa riga. Rediyonsa na da riga, tocilansa na da riga, har almakashinsa na da gidan kwana na jar fata.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa hannun talaka, wata yarinya 'yar Jushi da ke koyon ɗinki a Samaru ta kawo masa takalminta da ya tsinke. Daga nan sai takalman gidansu kaf suka kama tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum ita ake aikowa. Kafin mu farga sun daidaita. Mahaifinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijo mai magana ɗaya. Da zancen ya kai kunnensa sai ya aiko da saƙo. Ya ce, "Ban ƙi shi don ƙafa ba, wannan yin Allah ne. Amma tsakanin Jushi da Samaru akwai tafiya. In ciwo ya kama 'yata, ko haihuwa ta zo, wa zai ɗauki wani? Kafin ya turo manya, ya zo da kansa in gan shi."

Ni da na ji saƙon nan sai na fid da rai. Ƙanena kuwa idonsa ne ya yi haske. Ya ce, "Da kaina ya ce ko? To da kaina zan je. Ba a goyon ɗan acaba ba, ba a keken da ake turawa ba. In tsaya a ƙofar gidansa da kaina, in bar wurin da kaina."

Ya sayi mashin na hannu, irin 'yan China da suka cika gari a lokacin, ya kai wa wani mai walda a Sabon Gari. Mutumin ya mayar da shi mai ƙafa uku, ya yi masa faffaɗar kujera, ya dawo da giya da birki hannu. Kik kuwa, wato sandar tayar da inji da ƙafa, dole aka cire shi, don sabon ƙarfen ya tokare wurin, kuma ko yana nan babu ƙafar da za ta buga shi. Ke nan tashin mashin gaba ɗaya ya koma kan maɓallin sitata, sitata kuma ba ta motsi sai batir na da wuta. Ƙanena bai tsaya nan ba. Ya sa aka ƙara masa oda mai ƙara kamar ta babbar mota, da ƙananan fitilu masu launi, da rediyo mai cin kaset.

Ranar da ya shigo da shi unguwa, wayyo! Tun daga bakin titi muka ji oda. Innarmu ta fito ko mayafi ba ta gama yafawa ba, ta rangaɗa guɗa. Masu shayi suka bar tebur, ɗalibai suka leƙo ta tagogi suna tafi. Mutumin da tun tasowarsa yake kallon gwiwoyin mutane, ga shi yau a sama yana ɗaga wa jama'a hannu, iska na kaɗa rigarsa. Ni kuwa ina bin sa da gudu ina ihu, "A hankali! Akwai rami a gaba!" Ina ihun ina hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba, murnar ko tsoron.

Kamar yadda kuka zata, bai huta ba sai da ya ɗinka wa mashin ɗin riga. Kujera, tanki, hannuwa, bayan madubi, ko'ina jar fata da zane da tuntaye. In ya tsaya a wuri sai mutane sun taru.

Ba a yi kwanaki da yawa ba, wata safiya ya danna maɓalli. Sai muka ji ƙyas, ƙyas, shiru. Aka tura ya tashi. Aka kai batir caji aka dawo da shi, ya yi 'yan kwanaki, ya sake mutuwa. Makanikin unguwarmu ya ce batir ne ya tsufa, aka sa sabo. Sabon ma ya bi sahun tsohon. Wani ya ce kayan ƙawar ne ke shanye wutar, ƙanena ya cire rediyo da fitilu kamar ana cire masa haƙori. Wutar ta ɗan ƙara jimawa, amma ta ƙare. Ga shi an riga an tsayar da ranar zuwa Jushi, wata Lahadi bayan La'asar.

Sai aka kwatanta mana wani dattijo mai gyaran wutar mashin a Sabon Gari. Asalinsa mutumin kudu ne, amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Baba kowa ke ce masa. Shi kuma tun ranar farko ya raɗa mini suna Samaru. Yana da wata tsohuwar mita mai allura, amma abin da ya fi yarda da shi wani kwan fitila ne da ya ɗaura wa wayoyi biyu, kullum yana aljihun gabansa.

A nan sai na faɗi wani abu. Duk ranar da za a kai mashin ɗin wurin gyara, ƙanena kan tashi da sassafe ya tuɓe masa fatun nan kaf, ya ninke ya ajiye, don kada hannun makanikai ya ɓata su. Ni ma na goyi bayansa ɗari bisa ɗari, don na san baƙin mai, ba ya fita ko an yi kuka. Saboda haka tsirara muka kai wa Baba shi.

Baba ya zaunar da mu a benci ya ce, "Ku saurara, ba na taɓa kayan mutum sai ya gane abin da nake nema. Batir randa ce. In inji na juyawa, koyil na haifar da wuta, sai wannan ɗan ƙarfen mai haƙarƙari da muke kira caja ya tace ta ya zuba a randa. In kun ga randa ta ƙafe, ko tana yoyo, ko ana sha fiye da yadda ake zubawa, ko kuma ba a zubawa sam. Bari mu bi su ɗaya ɗaya."

Ya kashe makulli, ya cire waya ɗaya daga kan batir, ya sa kwansa a tsakani. Bai kama ba. Ya ce, "Babu yoyo." Ya tayar da inji ya ɗora kwan a wayoyin koyil, ya murɗa totur, kwan ya yi fari tas. Ya ce, "Rijiya na da ruwa." Ya ɗora mita a kan batir ya sake murɗawa, allura ta hau. Ya ce, "Ana zubawa." Ya duba wayar oda da inda aka jona rediyo, ya gyara wani wuri da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, ya sallame mu.

Bayan 'yan kwanaki muka dawo masa da turi. Ya tambaya ko mai walda ya cire caja kafin ya sa wutarsa a jikin ƙarfen, don in ba a cire ba takan sami rauni a ciki. Ba mu sani ba. Ya canza ta da sabuwa. Ba ta hana ba. A zuwa na gaba sai ya ce mu bar masa shi. Ya riƙa hawansa da kansa yana zagaya Sabon Gari, mutane na yi masa tsiya wai Baba ya sayi ƙafa ta uku tun kafin tsufa ya nema. Ranar Juma'a muka je, ya nuna mana batir cike fal.

Ya ce, "Ɗana, mashin ɗinka lafiyarsa ƙalau. In yana hannuna yana caji, in ya koma wurinku ya daina. Ko ruwan Samaru ne bai karɓe shi ba?"

Ya yi dariya, amma na ga abin na cin sa. A gida kuwa magana ta fara canzawa. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce akwai wanda ke son yarinyar. Inna ta turara mashin ɗin da hayaƙi har sai da muka yi tari. Ni abinci ya daina shiga. Sai in goge riga, in ninke, in sake warwarewa in goge, ban san na yi ba.

Ranar Asabar ƙanena ya yini yana mayar da fatu, ya shafa musu mai suka yi ƙyalli. Ya mayar da rediyo da fitilu, ya ce ai Baba ya ce lafiya lau. Na roƙe shi ya ajiye mashin ɗin kada ya taɓa shi sai lokacin tafiya. Ina! Ya je aski, ya je wurin tela, ya je gaida baffanmu, ya je nuna wa abokai, ko'ina ya kashe ya tayar, kaset na tashi. Duk danna maɓalli ɗaya sai in ji kamar daga cikina ake ɗibar wutar.

Ranar Lahadi bayan Azahar muka kama hanya. Shi a gaba cikin babbar riga ruwan sararin sama wadda ni na goge ta da hannuna, ni a baya kan acaba, rungume da jaka. A cikin jakar akwai igiya, da filaya, da sifana, da guntun waya, da fulogi, da ruwan sha, har da allura da zare. Ɗan acaban ya ce, "Malam, gaisuwar surukai za ku ko ƙaura?" Muka wuce Kwangila lafiya, iska na busawa, masu motoci na yi masa oda yana ramawa da tasa. Har na fara sakin jiki.

Dab da PZ, ba nisa da Sabon Gari, ya shiga gidan mai, ya kashe inji aka zuba. Ya gyara hula, ya danna maɓalli.

Ƙyas. Ƙyas.

Na diro daga acaba ban ma san na diro ba. Na ce, "Kada ka damu, yanzu za mu tura ya tashi, ka isa."

Ya ce, "In na isa fa, Yaya? In na gama gaisuwa na fito, a ƙofar gidansu, a gaban mahaifinta, ka naɗe hannun riga ka tura ni? Amsar tambayarsa ke nan na kai masa da kaina. Gara in koma gida."

Bai ɗaga murya ba. Ya kafa ido a kan tanki, gumi na bin wuyan rigar. Ban taɓa ganin yaron nan ya karaya ba sai ran nan.

Na ce ya jira ni, na ruga rumfar Baba. A rufe, kamar sauran shagunan layin, Lahadi ce. Wata mata mai gasa masara a gefe ta ce, "Baba rewaya, mai gyaran wuta? Yana coci, yau bikin godiya suke, shi ya sa ba su tashi da wuri ba." Ta nuna mini hanya. Na isa bakin ƙofa na tsaya cak. Ana ta kiɗa da waƙa a ciki. Sai tunani ya taso mini: ya halatta in fitar da mutum daga wurin ibadarsa saboda mashin? In ni ne a sahu wani ya zo ya ja rigata fa? In kuma na tsaya jira La'asar ta wuce fa? Na taka gaba, na dawo baya, na sake takawa. Mai gadin ƙofar har ya fara kallona. Ina cikin wannan sai Allah ya kawo sauƙi, aka buɗe ƙofa jama'a suka fara fitowa.

Can na hango shi cikin farar babbar riga fes, da hula, matarsa na gefe da ɗaurin kallabi kamar zai taɓa sama. Yana ganina ya tsaya.

"Samaru! Ya mutu?"

"Ya mutu, Baba. Kuma yau ce ranar."

Ya juya ya ce wa matarsa, "Madam, ku ci shinkafar, ku ajiye min ƙanzo." Ta ce, "Da wannan rigar za ka?" Ya tayar da nasa mashin, ya ce in hau. Da na riƙe shi sai na ji wani abu mai tauri a aljihun gabansa. Kwan fitilar nan ne. Har coci yake zuwa da shi.

Muka shiga gidan mai, Baba ya sauka ya wuce ƙanena fuu, yana waige-waige. Ya ce, "Ina mashin ɗin?"

Ƙanena ya ce, "Ga ni a kai, Baba."

Ya juyo. Ya dubi jar fata, ya dubi tuntaye, ya dubi zanen da ke kan tanki. Ya ce, "Wannan? Wannan amaryar ce mashin ɗin da nake gyarawa?" Ya zagaya shi a hankali, hannuwa a baya. "Kullum haka yake yawo?"

"Kullum."

"In za ku kawo min fa?"

"Tuɓe masa nake, Baba. Saboda baƙin mai."

Baba ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Ina caja? Nuna min caja yanzun nan!"

Ƙanena ya ɗage gefen rigarsa ya nuna ƙasan kujera, daidai inda ƙafarsa ta hagu ke kwanciya. Ga wata 'yar jaka ja, an yi mata zane har da maɓalli, kyakkyawa kamar ta ajiye turare. Ya ce mai walda ne ya dawo da cajar nan wurin, haƙarƙarinta kuma na gurzar masa ƙafa har ta yi ciwo, shi kuwa ciwo a ƙafarsa ba ya saurin warkewa. Shi ne ya kwance ta, ya naɗe ta da soso da fata gaba da baya, har ƙarƙashin noti ya sa 'yar fata don kada ya ci rigar, sannan ya ɗaure.

Ni kaina ban san jakar nan ta caja ce ba. Na sha ganinta a ninke cikin sauran, na ɗauka ta madubi ce.

Baba ya miƙo hannu, na buɗe jakata, ya ga waya da sifana da filaya, ya ce, "Yau tsoronka ya yi rana." Ya jona waya daga batirinsa, inji ya tashi, ya cire. Ya ɗora kwan a kan batirin ƙanena, ya cire hularsa ya yi masa inuwa. Lokacin mutane sun kewaye mu, masu zuba mai, 'yan acaba, masu dawowa daga coci. Kwan ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya ce wa ƙanena, "Murɗa." Ya murɗa totur, inji ya yi ruri, kwan bai ko motsa ba.

"Kun gani? Ba a zubawa. To ku duba nan."

Ya ɓalle maɓallin jakar, ya soka bakin waya ya taɓa jikin caja, ɗaya bakin ya manna a ƙarfen inji. Kwan ya yi wal, fari tas! Ya ɗage waya, ya koma ja. Ya mayar, fari! Ya ɗage, ja. Wurin ya kaure da ihu. Wani ɗan acaba ya ce, "Sake, Baba, sake!" Baba ya sake, yana rawa da kafaɗa cikin farar rigarsa. Ni ina ta kabbara, ƙanena na dariya yana dukan tanki, wata mata na cewa a gode wa Ubangiji, alhali ba ta ma san me ake yi ba.

Baba ya ce, "Ɗana, wuta ba ta fita sai ta ga hanyar komowa. Irin wannan cajar ta jikinta take komawa, ƙarfe a kan ƙarfe. Kai kuma ka sa mata riga ka raba ta da ƙarfen. In ka kawo min ka tuɓe mata, ta yi aiki, in ka koma gida ka mayar, ta daina. Wata guda kuna wasa da hankalin tsoho! Kuma haƙarƙarin nan ba ado ba ne, na shan iska ne. Samaru, taɓa ka ji."

Na taɓa, na janye yatsa da sauri na sa a baki. Kamar dutsen gugata.

Ya durƙusa a ƙasan gidan mai, ya kwance noti, ya zare jakar da soson da har ya fara narkewa. Ya karɓi wuƙar fata da ƙanena ba ya rabuwa da ita, ya kankare fentin wurin sai da ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure cajar tam, ya ƙara mata waya zuwa jikin inji. Sannan ya kwance batirinsa ya sa wa ƙanena. Ya ce, "Randarka ba ko ɗigo, kafin ta cika an yi Magariba. Tafi da tawa, ni ina da ƙafar buga kik."

Da ya miƙe na ga gaban rigarsa da gwiwoyi sun yi baƙi ƙirin. Na ce, "Wayyo Baba, rigarka!" Ya ce, "Ba kai ne mai wanki ba? Gobe ka zo ka ɗauka, mu ga taka gwanintar."

Ƙanena ya ce, "To ƙafata fa, Baba? Za ta ci gaba da gurzata."

Ya ce, "Ka ɗinka wa ƙafarka riga mana, ba caja ba!"

Aka sake fashewa da dariya. Nan take ƙanena ya warware jakar, ya ɗaure ta a ƙwaurinsa a ƙarƙashin wando da igiyar da na zo da ita. Ana kiran La'asar muka yi salla a ɗan masallacin gidan man. Ko a cikin salla, Allah ya yafe mini, maɓallin nan nake gani.

Muka shiga Jushi yara na bin mu a guje. Dattijon na zaune kan tabarma a ƙofar zaure da carbi a hannu. Ƙanena ya tsaya daidai gabansa, ya kai hannu kan makulli. Na matso na raɗa masa, "Bar shi yana aiki!" Ya ce, "A ƙofar surukai?" Ya kashe. Na ji kamar zuciyata ya kashe.

Ya sauko da hannuwansa, ya cire takalman hannu, ya gaida dattijo kansa a ƙasa. Aka kawo ruwa. Dattijo ya tambaye shi sana'a, ya tambayi iyaye, ya tambayi inda za su zauna. Ƙanena na amsawa a natse, ni ko kalma ɗaya ban riƙe ba, idona na kan mashin. Da aka shafa fatiha dattijo ya miƙe ya rako mu. Maƙwabta sun fito, labulen zaure na motsi, na san akwai idanu a bayansa.

Ƙanena ya hau, ya gyara riga, ya yi bisimilla, ya danna.

Inji ya amsa tun kafin ya ɗage yatsa.

Na buɗe baki zan yi hamdala sai dattijo ya ce, "Kashe." Ya kashe. "Sake tayarwa. Mu a jirgi ba ma yarda da inji a tashin farko." Na rufe ido. Na ji ruri ya sake tashi, ya fi na farko daɗi. Dattijo ya dubi kujerar ya ce, "Tana ɗaukar mutum biyu?"

"Tana ɗauka, Baba."

"To matsa. Akwai mara lafiya da nake son dubawa a bakin kasuwa."

Ya tattare rigarsa ya hau bayan ƙanena. Suka tafi, tuntaye na kaɗawa, yara na ihu, aka bar ni tsaye a ƙofar gidan mutane da jakar igiya da filaya. Ban san tsawon lokacin da suka yi ba, na dai san na ƙirga duk ramukan da ke hanyar a zuciyata. Da suka dawo dattijo ya sauka, ya kakkaɓe riga, bai dubi kowa ba ya ce, "Ka ce wa manyanka su zo." Kafin ya rufe baki guɗa ta tashi daga cikin gida.

A kan hanyar komawa Samaru na haƙura da hawan acaba, na hau bayan ƙanena a karo na farko. Ya kunna kaset, ya kunna fitilu, ya danna oda tun daga PZ. Ban ce masa a hankali ba sai da muka kusa gida.

Rigar Baba ta ba ni wuya, amma ta fita, ban da wani ɗan tabo a gwiwa da har yau yake damuna. Mashin ɗin bai sake cin batir ba. Shi ne ya kai matar ƙanena asibiti ranar haihuwarta ta fari, mijinta na tuƙi, Inna na riƙe da ita.

Abin da na koya ranar zuwa Jushin nan shi ne, in za ka kai matsala wurin mai gyara, kai ta yadda take zaune da kai kullum. Mu mun yi ta gyara wa mashin fuska kafin mu nuna shi, muna ɓoye ciwon da hannunmu ba mu sani ba, muna zargin batir da mai walda da bakin mutane. Tun daga lokacin ko asibiti zan je ba na rage komai, har abin da nake jin kunyarsa. Masu ƙara wa mashin kaya kuma, don Allah ku faɗa wa mai gyara duk abin da kuka ƙara, ko da kuna ganin ado ne kawai.

Ga alfarmar da na ce zan nema. Bayan wasu shekaru Baba ya rufe rumfarsa, aka ce ya koma garinsu a kudu, ba mu sami wanda ya san takamaiman wurin ba. Yarinyar da matar ƙanena ta haifa a haihuwar farin nan an sa ranar aurenta, kuma ubanta ya ce ba zai ji daɗin bikin ba in Baba bai sani ba. In akwai wanda ya zauna Sabon Gari a wancan lokaci, ya san wani dattijo mai gyaran wutar mashin da ke yawo da kwan fitila a aljihu har cikin coci, ko ya san 'ya'yansa, ya taimaka ya sanar da ni ta hannun masu wannan fili. In yana raye, akwai saƙonsa a wurinmu. Ƙanena ya ɗinka wa kwan nan 'yar jaka ta jar fata, da zane da maɓalli. Na tambayi masu gyaran wuta har mutum uku, duk sun tabbatar mini wannan rigar ba za ta hana shi kamawa ba.